ZINARIYA DA DALMA A ZAMFARA: DARASI GA MAI ZUBA JARI A MA'ADINAI

A farkon shekarar 2010 mutanen waɗansu ƙauyuka na Jihar Zamfara suka lura agwagi suna ƙarewa a garuruwansu, amma babu wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Ba a daɗe ba sai yara ƙanana suka fara kwanciya da amai da ciwon ciki da jijjiga, ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu aiki. A watan Maris na wannan shekara ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suka shiga yankin domin sa ido kan cutar sanƙarau, suka tarar da sababbin kaburburan yara da yawansu ya wuce misali. Da aka gwada jinin marasa lafiya sai aka gano gubar dalma ce, kuma daga duwatsun da ake niƙawa domin fitar da zinariya ta fito. Yara fiye da 400 ne suka rasu.

Wannan al'amari ya zama darasi a makarantun likitanci na duniya. Amma har ila yau darasi ne na tattalin arziki, domin farashin kasuwa ne ya tayar da shi, rashin binciken da bai kai ya kawo ba wajen tsada kuma shi ne ya ba shi hanya.

YADDA KASUWA TA TAYAR DA HAƘA

Haƙar zinariya ba baƙuwa ba ce a arewa maso yammacin Nijeriya. Tun zamanin mulkin Turawa ake haƙo ta, aikin ya bunƙasa a shekarun 1930, sa'an nan ya ja baya. Masana kimiyyar duwatsu sun daɗe da sanin cewa akwai jerin tsofaffin duwatsu da suka ratsa Anka da Maru da Zuru da Birnin Gwari har zuwa Ilesha a kudu, kuma a cikin jijiyoyin farin dutsen da ke tsakaninsu ake samun zinariya.

Abin da ya canza shi ne farashi. A shekarar 2001 ana sayar da oza ɗaya ta zinariya a kan kimanin dalar Amurka 270. Zuwa 2010 ta haura dala 1,200, a watan Satumba na 2011 kuma ta kusa dala 1,900. Manomin da ke jiran damina guda domin samun gero da dawa sai ya ga ramin da ke bayan gari yana iya ba shi abin da gona ba ta bayarwa. Dillalai suka shigo, masu injin niƙan hatsi suka koma niƙan dutse, aka riƙa kai buhunan duwatsu cikin gida domin mata su daka a turmi, su shanya a tsakar gida inda yara suke rarrafe.

Ta fuskar mai haƙa da mai saye lissafin daidai yake, ciniki yana tafiya, riba tana shigowa. Abin da ba wanda ya tambaya shi ne me dutsen ya ƙunsa ban da zinariya.

ABIN DA BINCIKE YA GANO

Bincike iri huɗu ne ya warware al'amarin, watau na jinin mutane, na dutse, na ƙasa da kuma na ruwa.

Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da jami'an lafiya na Nijeriya, ta bi gida gida a Dareta ta ƙaramar hukumar Anka da 'Yargalma ta ƙaramar hukumar Bukkuyum a tsakiyar 2010. Daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, watau kashi 25 cikin ɗari. Daga cikin waɗanda aka gwada jininsu kuwa, kashi 97 cikin ɗari suna da dalmar da ta kai ko ta wuce maikirogiram 45 a kowace desilita ta jini, wanda shi ne matakin da likitoci ke fara ba da maganin fitar da guba. Mafi yawansu ma sun zarce 65, iyakar abin da na'urar gwajin hannu take iya karantawa. Domin a fahimci girman wannan adadi, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a fara neman tushen guba da zarar ta kai 5, kuma ta bayyana cewa babu wani mataki na dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa.

Masana na Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka su ne suka yi nazarin dutsen, suka buga sakamakonsu a 2013. Asalin dalmar tana cikin irin baƙin dutsen nan mai ƙyalli da aka sani da tozali. Tozali a yadda yake ba ya saurin narkewa. Sai dai ruwan sama da iska sun shafe dubban shekaru suna cin jijiyoyin da ke kusa da doron ƙasa, har suka mai da dalmar wani nau'i da ke narkewa nan take idan ya haɗu da ruwan tsamin da ke cikin mutum. Niƙa a bushe kuma ya mai da dutsen gari mai laushi, wanda ke manne wa hannun yaro, ya sauka kan hatsi da kwanukan abinci, ko a shaƙe shi a haɗiye. Bugu da ƙari jikin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Wannan shi ya sa iyaye suna tsaye kan ƙafafunsu, yara suna faɗuwa.

A gwajin ƙasa an sami wuraren da dalma ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, watau ɗaya bisa goma na ƙasar dalma ce. Ma'aunin da Amurka take amfani da shi a lokacin ga ƙasar da yara ke wasa a kai shi ne kashi 400 cikin miliyan. An kuma tarar an yi tubalin gini da gurɓatacciyar ƙasa, ta yadda bangon ɗaki da kansa ya zama tushen guba.

Game da ruwa, tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta zo a ƙarshen daminar 2010 ta sami dalma mai yawa a kududdufan da ake wanke garin dutse, waɗanda dabbobi ke sha, da kuma a waɗansu rijiyoyi. Amma binciken ya nuna cewa daga sama gubar ta faɗa rijiyoyin, ba ta ratsa jijiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa ba. Wannan sakamako yana da daraja ta fuskar kuɗi, domin ya nuna inda ya kamata a kashe shi. Tawagar ta kuma sami hayaƙin zaiba mai yawa a wuraren da ake ƙona curin zinariya, tun da da zaiba ake kama zinariyar daga garin dutse.

Su kuwa agwagin, su ne gargaɗin farko. Agwagwa tana kiwo da baki cikin taɓo, saboda haka takan riga mutum kwasar abin da ya gurɓata ƙasa da ruwa. Masana halittun dabbobi sun daɗe da sanin cewa tsuntsayen ruwa suna saurin mutuwa da dalma. Da akwai hanyar kai rahoton mutuwar dabbobi ga jami'an lafiya, da an fara tambaya tun kafin a fara haƙa kaburbura.

KUƊIN DA BA YA SHIGA LITTAFIN CINIKI

A ilimin tattalin arziki akwai irin asarar da sana'a ke jawowa amma ba mai sana'ar ke biya ba, tana faɗawa kan maƙwabta ko gwamnati ko 'ya'yan da za su taso. Tun da ba ta cikin farashin kaya, mai saye da mai sayarwa ba sa ganinta, sai a yi ta yin sana'ar ta hanya mafi araha ko da ita ce mafi ɓarna. Zinariyar Zamfara misali ce a fili. Dillali ya biya kuɗin zinariya, bai biya kuɗin ƙurar da aka bari a tsakar gida ba. To, wa ya biya?

Kashi na farko shi ne kuɗin gyaran ƙasa. Ba a iya ba yaro magani a mai da shi gidan da ya gurɓata, saboda haka sai da aka fara kankare saman ƙasa da fartanya gida bayan gida, aka zuba a buhuna, aka binne a ramuka na musamman, aka kawo sabuwar ƙasa aka shimfiɗa. Kamfanin TerraGraphics na Amurka da Cibiyar Blacksmith ne suka jagoranci aikin tare da ma'aikatan jihar. An fara da Dareta da 'Yargalma a 2010, aka bi da Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jima tana jira. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin Naira miliyan 850, amma sai a farkon 2013 aka saki kuɗin aikin garin, bayan matsin lamba daga ƙungiyoyi da matasa. A garuruwa takwas an kwashe ƙasa fiye da mita 27,000 na murabba'in ciko.

Kashi na biyu kuɗin magani ne. MSF ta gwada yara fiye da 8,000, dubbai daga cikinsu suka sha magani na tsawon lokaci, kuma sai a 2022 ta miƙa aikin ga hukumomin jihar, shekara goma sha biyu bayan farawa.

Kashi na uku shi ne mafi girma, kuma ba ya da rasit. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, abin da ta lalata kuwa magani ba ya mayar da shi. Yaron da ya rayu yana iya tasowa da raunin fahimta, ya kasa karatu, ya kasa samun abin da tsaransa ke samu. Wani nazari da masana na Jami'ar New York suka buga a 2013 ya ƙiyasta cewa gubar dalma a jikin yara tana jawo wa nahiyar Afirka asarar kimanin dala biliyan 135 a shekara, wajen kashi 4 cikin ɗari na abin da nahiyar ke samarwa.

Ba a Zamfara abin ya tsaya ba. A 2015 ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, a Shikira da ƙauyukan kusa da ita, inda yara 28 suka rasu ta wannan hanya.

ABIN DA YA KAMATA ƊAN KASUWA YA ƊAUKA

Na farko, gwajin dutse wani ɓangare ne na jari, kamar inji da mota. Mai niyyar shiga harkar ma'adinai yakan tambayi yawan zinariyar da ke cikin tan guda, ya kamata a gwaji ɗaya ya tambayi yawan dalma da sauran guba. Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya, wadda asalinta ya faro tun 1919, tana da taswirori da ɗakunan gwaji, haka nan sassan kimiyyar duwatsu na jami'o'i. Akwai kuma na'urar hannu da ke auna dalma a ƙasa cikin ɗan lokaci, irin wadda aka yi amfani da ita wajen gyaran garuruwan nan. Kuɗin gwada 'yan samfura ba a haɗa shi da kuɗin kankare gari guda.

Na biyu, hanyar sarrafawa ita ce ke raba riba da bala'i. Ƙura ce ta yi kisa, kuma ruwa yana kwantar da ƙura. A gwajin da aka yi da masu haƙa a Jihar Neja bayan 2015, fesa ruwa a wurin aiki ya rage dalmar da ke iska da kimanin kashi 95 cikin ɗari. Sauran matakan ba su buƙatar babban jari: a fitar da niƙa da wanki daga cikin gari, kamar yadda sarakuna da hakimai suka umarta a Zamfara, a ware wurin wanka da canza tufafi kafin ma'aikaci ya koma gida, a killace ruwan wanki, kada kuma injin da ya niƙa dutse ya koma niƙan hatsi. A nan ma akwai kasuwa ga mai iya kafa cibiyar niƙa da ruwa inda ƙananan masu haƙa za su kawo dutsensu su biya.

Na uku, doka da masu saye na waje suna ƙara tsanantawa. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa mai lasisi alhakin kare muhalli da gyara wurin da ya haƙa. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba a 2018. Manyan matatun zinariya na duniya kuma suna neman sanin inda kaya ya fito da yadda aka samo shi. Zinariyar da ba ta da wannan shaida sai ta bi ta hannun 'yan fasa ƙwauri, a farashin da suka ga dama.

Na huɗu, hani kaɗai ba ya tsayar da haƙa. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019 saboda matsalar tsaro, ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024. Ma'aikatan lafiya sun sha yin gargaɗi tun 2010 cewa idan aka tsananta wa talaka mai haƙa ba tare da nuna masa wata hanya ba, zai ɓoye aikin ne a cikin gida, inda ya fi haɗari ga iyalinsa.

A shekarar 2025 farashin oza ɗaya ta zinariya ya haura dala 4,000, fiye da ninki uku na farashin da ya ja mutanen Dareta zuwa rami. Duwatsun Anka da Birnin Gwari da Rafi suna nan yadda suke, da zinariyarsu da dalmarsu. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk mai shirin sayen fili, ko ba da rancen inji, ko buɗe shagon sayen zinariya, ya dace ya nemi ganin takardar gwajin dutsen kafin ya ƙirga kuɗi, ya kuma je da ƙafarsa ya ga inda ake niƙa shi.