Tsirkiya da faɗin da'ira

Ɗan'uwa mai karatu, dubi bakin rijiya, dubi faifai, dubi gindin rumbu. Dukansu a kewaye suke. Wannan siffa ita ake kira da'ira. Kowace da'ira tana da cibiya, wato tsakiyarta. Daga cibiya zuwa baki tsawon ɗaya ne, ko ta wane gefe ka auna.

Ɗauki igiya ka miƙe ta daga wani wuri na bakin da'ira zuwa wani. Wannan layi za mu kira shi tsirkiya, don ya yi kama da tsirkiyar baka. Tsirkiyoyi suna da yawa, wata gajera, wata doguwa. Wadda ta bi ta kan cibiya ita ta fi duka tsawo. Ita ce faɗin da'ira. Tana raba da'ira gida biyu daidai wa daida.

Ga misali. Za ka gina rumbu mai faɗin metir 2, santimetir 200 ke nan. In igiyarka ta kauce wa cibiya da santimetir 60, za ka samu santimetir 160 kawai. In ta kauce da 80, ba za ka samu fiye da 120 ba. Shi ya sa cikin itacen da ake jerawa ƙarƙashin rumbu, na tsakiya ya fi na gefe tsawo. To, in ka tafi kasuwa da awon da ya kauce, aka yanke maka itace, sai ka iske ya gaza. Kuɗi sun tafi, aiki ya tsaya.

Ƙaƙa za ka gane faɗi na gaskiya? Sa wani ya danne kan igiya a baki. Kai kuma ka riƙa gusar da ɗayan kan a wancan baki, dama da hagu. Inda igiya ta fi cin tsawo, nan ne faɗi. Ninka igiyar gida biyu, ka samu cibiya.

Akwai wata dabara. Ja tsirkiya, ka nemi tsakiyarta. Aza kusurwar littafinka a wurin, gefe ɗaya bisa tsirkiyar. Ja layi ka bi ɗayan gefen har ka ƙetare da'ira. Tilas layin nan ya bi ta cibiya. Sake yin haka da wata tsirkiya mai duban wani gefe. Inda layukan biyu suka gamu, nan ce cibiya.

Aiki:
1. Kifa ƙwarya a ƙasa, ka zana bakinta, ka nemo cibiya.
2. Daga cibiyar rijiya zuwa bakinta santimetir 90 ne. Nawa ne faɗinta?
3. Tsirkiya mai metir 3 za ta shiga da'ira mai faɗin metir 2? Don me?