Ƙaurarmu Zuwa Jos

Da aka yi wa Baba canjin wurin aiki daga Funtuwa zuwa Jos a Disambar 2023, mun zaci loda kaya ne kaɗai wahalar. Muka cika mota, har da turmin Inna, muka bi ta Zariya da Saminaka. Barguna kuwa biyu kacal muka riƙo. Ashe Jos bisa tudu take, sama da mita 1,200, ga shi tsakiyar hunturu. Kwananmu uku tari ya kama ƙanwata mai shekara biyu, sai asibiti. Ƙanena kuma zango guda ya yi a gida, domin an manta ba a karɓo takardar canjin makarantarsa ba. Har yanzu Baba ba ya son a ta da zancen takardar nan.