DANIYEL MA ƊAN MAKARANTA NE

Karatu: Daniyel 1:1-21, Ayyukan Manzanni 24:24-27

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin ɗalibanmu: "Malam, bari in gama makaranta tukuna, sa'an nan in bi Ubangiji sosai." Manya ma sukan faɗi irin tasu, wai sai sun yi aure ko sun yi ritaya. Bari mu duba mu ga ko Littafi Mai Tsarki ya goyi bayan wannan jira.

Wajen shekara ta 605 kafin haihuwar Almasihu, Sarki Nebukadnezzar ya kwashi waɗansu samarin Yahuza zuwa Babila. Aka sa su karatu na shekara 3, su koyi harshe da littattafan Kaldiyawa, abincinsu kuma daga teburin sarki. Har sunayensu aka sāke. Ashe Daniyel ɗan makarantar kwana ne kamar ku, nesa da iyaye, nesa da Haikali, ba wanda zai kai ƙararsa gida.

Ku lura da aya ta 8. Daniyel ya yanke shawara a zuciyarsa kada ya ƙazantar da kansa da abincin sarki. Bai jira ranar da zai sami muƙami ba. Bai kuma yi tawaye ko rashin kunya ba (wannan darasi ne ga masu fasa kwano a ɗakin cin abinci). Da ladabi ya roƙi wakilin da ke lura da su a gwada shi da abokansa uku kwana 10 da kayan lambu da ruwa. Abin ƙarami ne a ido, batun tuwo kawai. Amma mutumin da ya ƙi daina addu'a sau uku a rana a sura ta 6, har aka jefa shi kogon zakoki, wannan yaron ne, bayan fiye da shekara 60. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Gwamna Filikus kuwa ya ji wa'azin Manzo Bulus a Kaisariya, tsoro ya kama shi, amma ya sallame shi sai ya sami zarafi. Shekara 2 yana kiran Bulus, yana sa ran cin hanci, har aka sauya shi. Ba mu karanta cewa ya tuba ba.

'Yan'uwa, teburin sarki yana nan a makarantarmu. Takardar satar amsa ce da ake miƙawa a ƙarƙashin benci. Damar da ɗan aji shida ke da ita ce ta ƙwace sabulun ƙaramin yaro. A ganina, wanda bai tsai da shawara tun a ɗakin kwana ba, da wuya ya tsai da ita bayan an raba takardar jarrabawa.

A wannan hutu, kowa ya karanta Daniyel sura 1 da ta 6 tare da iyalinsa, ya rubuta abu guda da zai ƙi, da abu guda da zai fara. Za mu tattauna su a taron zumunta na farko idan Allah ya dawo da mu.