Darasin Juma'a: Kowa da Ƙofar da Allah Ya Buɗe Masa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Duk Juma'a mukan fita daga masallaci zuciya cike da niyya. Mutum ɗaya zai ƙulla cewa daga yau zai fara azumin Litinin da Alhamis, zai koma hadda, zai haƙa rijiya a ƙauyensu, zai ɗauki marayu biyu, kuma zai shiga kwamitin masallaci. Kafin Laraba, cunkoson hanyar Nyanya da hayaniyar kasuwar Wuse sun cinye rabin niyyar. Sauran rabin ya koma nauyi a zuciya, har mutum ya fara ganin kansa kamar munafuki. Wani ma bashi yake ci don ya cika alkawarin da ya ɗauka a gaban jama'a, iyali a gida suna jiran kuɗin cefane. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. To, ta yaya za mu gane wane tunanin alheri ne namu?

Na farko: mu san inda tunanin ya fito

Malaman tarbiyya, irin su Imam Gazali wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, sun yi bayanin abin da ke ɗarsuwa a zuciya. Wani daga Allah ne, wani ilhama ce ta mala'ika, wani son rai ne, wani kuma waswasin Shaiɗan. Na alheri yakan zo da natsuwa, kuma yana ƙara ƙarfi idan an ambaci Allah. Son rai yakan nace a kan abu guda, musamman wanda za a gani a yaba. Shi kuwa Shaiɗan da gaggawa yake zuwa, kuma malamai sun ja kunne cewa yakan kira mutum ga ƙaramin alheri don ya raba shi da babba. Misali, ya ƙawata maka Umara ta uku alhali akwai bashin wani ɗan kasuwa a Dei-Dei a wuyanka, ko mahaifiyarka na kwance a gida ba magani.

Na biyu: mu san halinmu

Wani mai yawan ibada da ake kira Abdullahi al-Umari ya taɓa rubuta wa Imam Malik wasiƙa, yana ba shi shawarar ya keɓe kansa ya duƙufa ga ibada. Malik ya amsa masa da cewa Allah ya raba ayyuka kamar yadda ya raba arziki. An buɗe wa wani ƙofar sallah ba a buɗe masa ta azumi ba, wani sadaka, wani jihadi, shi kuma an buɗe masa yaɗa ilimi, kuma ya yarda da rabonsa, yana fata su biyun duk suna kan alheri. Wannan ya dace da hadisin Abu Huraira a Buhari da Muslim, inda aka faɗa cewa za a kira mutane daga ƙofofin Aljanna gwargwadon aikin da suka fi shahara da shi, masu azumi kuma ta ƙofar Rayyan.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana duba halin mutum kafin ya ba shi shawara. Abu Zarrin, duk da gaskiyarsa da gudun duniyarsa, an hana shi shugabanci da riƙon dukiyar maraya, saboda yana da rauni ta wannan fuskar. Wani ya nemi wasiyya, aka yi ta maimaita masa cewa kada ya yi fushi. Abdurrahman ɗan Aufu ya isa Madina baƙo kamar yadda muka iso Abuja, aka yi masa tayin rabin dukiya, ya ce a nuna masa kasuwa kawai, kuma ta nan ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ciyarwa. A ƙasarmu ma, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kama ƙofar karantar da mata ta hanyar 'Yan Taru, kuma har yau ana cin moriyar aikin.

Saboda haka kowa ya tambayi kansa: wane aiki ne nake yi ba tare da an tura ni ba? Wanne ne nake daɗewa a kai ko ba mai kallo? Me mutane suka fi zuwa nema a wurina, kuɗi, sulhu, karatu ko rakiya asibiti? Mai sakin hannu ya riƙe ciyarwa. Mai sanyin baki ya riƙe sasanta 'yan kasuwa da ma'aurata. Uwar da yara ke taruwa a ɗakinta ta riƙe koyar da su. Wanda ya san lissafi ba ya zama a hannunsa, don Allah kada ya karɓi ma'ajin ƙungiya ko kuɗin adashi, ko da an matsa masa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Na uku: iyakokin wannan magana

Duk wannan a kan nafila ne. Sallah biyar, azumin Ramadan, zakka ga wanda ta hau kansa, ciyar da iyali, cika mudu da biyan bashi, waɗannan na kowa ne. Babu mai cewa "ni ƙofata sadaka ce" ya bar Asuba. Haka nan "ni haka Allah ya yi ni" ba hujja ba ce ta zafin rai ko rowa. Alƙur'ani ya ambaci rai mai umurni da mummuna a Suratu Yusuf, da mai zargin kansa a Suratul Ƙiyama, da mai natsuwa a Suratul Fajri, wato ana tashi daga wani mataki zuwa wani. Kuma sanin hali ba a nemansa wajen mai duba ko a lissafin taurarin da ke yawo a waya. Ana samunsa ne ta hanyar yi wa kai hisabi, da shawarar malami ko aminin da ba ya jin nauyin faɗa maka gaskiya, sannan istihara.

Aikin wannan mako

Kowa ya rubuta niyyoyin da ke ransa. Ya fara cire wanda zai tauye hakkin wani. Cikin abin da ya rage, ya zaɓi ɗaya da ya dace da halinsa da ƙarfin aljihunsa, ya yi istihara, ya fara da kaɗan. Hadisi ya tabbatar cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Wanda kuma ya ga ɗan'uwansa ya kama wata ƙofar daban, ya yi masa addu'a, kada ya raina shi.

Allah ya nuna mana ƙofarmu, ya ba mu ikon tsayawa a kanta, ya sa albarka a kasuwancinmu da iyalanmu na nan da na gida. Amin. Wassalamu alaikum.