Babin Majinyacin Da Ke Jiran Fiɗa

Na ce a cikin waƙar:

Ya wanda za a shigar da shi ɗakin fiɗa,
Riƙe carbinka ka bar yawan ruɗewa.
Wuƙa ba ta yanka sai da iznin Rabbana,
Likita sababi ne, Jalla ke warkarwa.

Sharhi: Ka sani, ya ɗan'uwa, tsoron fiɗa ba raunin imani ba ne. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ji tsoro a ransa ranar taron masihirta, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha. Abin ƙi shi ne tsoro ya kai ka ga munana zato ga Ubangiji, ko ka gudu daga asibiti ka zauna da ƙaba har hanji ya shaƙe.

Abin da nake umurtar almajiraina da shi tun daren fiɗa: a rubuta wasiyya da basussuka, a nemi gafarar wanda aka zalunta. Na lura da yawan masu kasa barci a daren nan ba wuƙa ke damunsu ba, haƙƙin mutane ne. Sa'an nan ka ɗora hannu inda ke ciwo, ka yi bisimilla sau 3, ka nemi tsari da Allah daga sharrin abin da kake ji sau 7, yadda Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya koya wa Usmanu ɗan Abil Asi. Lazimi kuwa, istigfari 100, salati 100, hailala 100, majinyaci yana da zaɓi a cikinsa, amma ni na fi son ya yi shi ko a kwance, a hankali, numfashi na bin lafazi.

Kada wani ya kafa maka hujja da Urwatu ɗan Zubairu, wanda aka yanke wa ƙafa a Dimashƙa zamanin Walidu ɗan Abdulmaliki bai sha abin gusar da hankali ba. Wannan maƙami nasa ne. Allurar barci halal ce saboda lalura.

Idan likita ya hana ci da sha, to, har rubutun sha da ruwan tofi sun shiga hanin. Galibi awa 6 ne ga abinci, domin abin da ke ciki yana iya tasowa ya faɗa huhu kana barci. A shafa maka tofin a jiki, ya isa. Ka kuma gaya masa duk saiwa ko sassaƙen da kake sha.

Saura salla, wadda aka fi tambayata a kanta. Mai Risala ya yi wa majinyacin da ke tsoron gushewar hankalinsa rangwamen haɗa Azahar da La'asar da zawali, Magariba da Lisha da faɗuwar rana. In ka farfaɗo, alwalarka ta warware. Ka sake ta, in ruwa zai cuce ka ka yi taimama, ka yi salla da nuni a kan gadonka. Wallahu a'alamu.