Sunan da Allah Ya Kira Ka da Shi

Karatu: Littafin Mahukunta 6:1-16; 7:1-22
Ayar haddacewa: Afisawa 2:10

Akwai sunayen da iyayenmu ba su raɗa mana ba, amma sun manne mana. Wani ya gama makaranta shekara biyar ba aiki, a gida ana ce masa cima-zaune. Wata ta yi shekaru a ɗakin aure ba haihuwa, dangin miji suna kiranta juya a bayan idonta. Wani an kore shi daga gonarsa, yau sunansa ɗan gudun hijira. Idan mutum ya daɗe yana jin irin wannan suna, sai ya fara amsawa, har ya ɗauka shi ke nan abin da aka halicce shi ya zama. Darasinmu na yau yana kan mutumin da ya amsa irin wannan suna, har ranar da Mahaliccinsa ya kira shi da wani dabam.

Inda Allah ya same shi

Shekara 7 Isra'ilawa suka yi a hannun Madayanawa. Duk lokacin da suka yi shuka, sai Madayanawa da Amalekawa su zo da raƙumansu kamar fara, su cinye amfanin gona, su kwashe dabbobi. Mutane suka koma ɓuya a kogwanni. A cikin wannan hali ne muka ga Gidiyon ɗan Yowash a Ofra, yana sussukar alkama a ramin matse inabi. Duk manomi ya san ana sussuka ne a fili, inda iska za ta kwashe ƙaiƙayi. Tsoro ne ya tura shi rami. Wasunmu da suka taɓa girbi ido na kan hanya sun san wannan tsoro.

A nan mala'ikan Ubangiji ya same shi, ya kira shi jarumi, ya shaida masa cewa Ubangiji yana tare da shi. Ku lura, a ranar Gidiyon bai taɓa jan runduna ba, bai ci yaƙi ko ɗaya ba. Sunan ya riga aikin zuwa. Mu mutane sai mun ga abin da ka yi kafin mu yi maka kirari. Allah kuwa, da yake shi ya siffata ka tun cikin mahaifa, ya san abin da ya zuba a cikinka. Maginin tukunya ya san abin da tukunyarsa za ta iya ɗauka tun kafin a ɗora ta a wuta.

Amsar Gidiyon, amsar Allah

Gidiyon bai yi tsalle ya ce amin ba. Ya yi gunaguni, ya tambaya ina al'ajiban da kakanni suka ba su labari. Sannan ya kawo lissafinsa: gidansu ne mafi rauni a kabilar Manassa, shi ne kuma mafi ƙanƙanta a gidan ubansa. Allah bai tsaya musu da shi kan lissafin ba. Alkawari ɗaya ya ba shi, cewa zai kasance tare da shi. Darajarka, ɗan'uwa, tana wurin wanda ya yi ka, wanda kuma yake tafiya tare da kai. Takardar makaranta, sunan gida da abin aljihu duk suna iya tafiya, amma wannan ba ya tafiya.

Yadda Allah ya bi da shi

Allah bai buɗe wa Gidiyon dukan shirin rana ɗaya ba. Aiki na farko a gida yake: ya rushe bagaden Ba'al na mahaifinsa. Ya ɗauki barorinsa 10, ya yi shi da dare domin yana tsoron mutanen gari. Yana tsoro, amma ya yi biyayya. Bayan haka ne Ruhun Ubangiji ya sauko masa, ya busa ƙaho, jama'a suka taru. Sau biyu ya shimfiɗa gashin tunkiya yana neman tabbaci da raɓa, sau biyu Allah ya yi haƙuri ya amsa.

Sai Allah ya shiga rage masa abin dogara. Mutum 32,000 suka fito, 22,000 suka koma saboda tsoro, daga 10,000 da suka rage aka zaɓi 300 a bakin ruwa. Dalilin a fili yake: kada Isra'ila ta yi fahariya cewa hannunta ne ya cece ta. Da ƙahoni, da tuluna, da fitilu aka ci yaƙin, ƙasar ta huta shekara 40. Watakila abin da kake kuka an rage maka, Allah ne yake share fili domin a ga hannunsa.

Gargaɗi

Bayan nasara Gidiyon ya tara zinariyar ganima, ya yi falmaran ya ajiye a Ofra, abin ya zama tarko gare shi da gidansa (Mahukunta 8:27). Wanda Allah ya ɗaga yana bukatar jagorar Ruhu Mai Tsarki ranar nasara kamar yadda ya bukace ta a cikin rami. Duk da haka sunansa yana cikin jerin masu bangaskiya a Ibraniyawa 11:32. Alherin Allah ke nan.

'Yar'uwa, ɗan'uwa, Yesu Almasihu ya fanshe ki, ya fanshe ka da jininsa, ba a kuwa biyan irin wannan tsada domin abin banza. Kada ka jira sai ka ga ƙarshen hanya. Ka tambayi Ubangiji mataki ɗaya na wannan mako, ko neman gafarar wani ne, ko koyon sana'a, ko komawa zumunta, ka taka shi.

Tambayoyi

1. Wane suna mutane ko yanayi suka laƙaba maka da har ka fara amsawa?
2. Wane bagade ne a gidanka ya kamata a fara rushewa?
3. Wane ƙaramin aiki Ubangiji ya sa a zuciyarka da tsoro ya hana ka yi?

Addu'a

Ya Uba, kai ka yi ni, kai ka san ni. Na ƙi kowane suna da ba daga bakinka ya fito ba. Ka cika ni da Ruhunka, ka nuna mini matakin da zan taka yau, ka ba ni zuciyar biyayya. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.