Darasi na 14: Sababbin Fasahohin Sarrafa Roba

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:
1. bayyana yadda ake sarrafa roba a masana'anta;
2. kawo sababbin fasahohin da suke sauya wannan sana'a;
3. amfani da sababbin kalmomi a cikin jimloli.

Karatu

A da, ƙwarya da kwando da tukunyar ƙasa su ne kayan aikin gida. Yau kuwa da wuya a shiga gida ba a ga bokiti ko buta ko kujera ta roba ba. Robar da muke magana a kanta ba irin wadda ake tatsa daga itace a jihohin Edo da Delta ba ce. Wannan daga ɗanyen mai da iskar gas ake samun ta. Ta karɓu a wurin jama'a domin ba ta da nauyi, ba ta tsatsa, ga kuma araha. A shekarar 1950, robar da duniya ta samar ba ta wuce tan miliyan 2 ba. A yanzu abin da ake samarwa kowace shekara ya kai tan miliyan 400.

Yadda ake sarrafa roba

Roba takan iso masana'anta a cikin buhuna, ƙwaya-ƙwaya kamar tsabar dawa. A Nijeriya, ana yin irin waɗannan ƙwayoyi a Eleme, kusa da Fatakwal. Daga nan ake kai su masana'antun Legas da Aba da Kano. A can sai a narkar da su, a ba su siffa ta ɗaya daga cikin manyan hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce zubi. Inji yakan tura narkakkiyar roba da ƙarfi cikin mazubi, kamar yadda sirinji yake tura magani. In ta huce, sai a buɗe mazubin a ciro bokiti ko kujera. Hanya ta biyu ita ce hurawa. Ana hura iska cikin roba mai laushi har ta cika mazubi, kamar balan-balan. Haka ake yin gorar ruwa da jarka. Hanya ta uku ita ce matsawa. Roba takan fito ta bakin inji ba tsayawa, kamar taliya. Ta haka ake samun bututu da leda.

Matsalar da ta kawo sauyi

Abin da ya sa ake son roba shi ne kuma aibinta: ba ta ruɓewa da wuri. Kashi 9 cikin 100 kawai na sharar roba ake sake sarrafawa a duniya. Sauran ko dai a ƙone, ko a binne, ko a watsar. Leda takan toshe magudanan ruwa, ta jawo ambaliya da yaɗuwar sauro. Saniya ko akuyar da ta ci leda takan rame, wani lokaci har ta mutu. Hayaƙin ƙona roba kuma yana cutar da huhu.

Saboda haka gwamnatoci suka fara kafa dokoki. Ruwanda ta hana amfani da leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. A watan Janairun 2024, jihar Legas ta haramta fararen robobin nan marasa nauyi da ake zuba abincin sayarwa a ciki. Masu masana'antu sun gane cewa zamani riga ne. Tambayar da take gabansu yanzu ita ce: ina roba za ta tafi bayan an gama amfani da ita? Yawancin sababbin fasahohi amsar wannan tambaya suke nema.

1. Injinan da kwamfuta take sarrafawa

Tsofaffin injinan zubi da ƙarfin mai suke matsa roba. Sababbin kuwa da lantarki zalla suke aiki, kuma ba su cin wuta sosai. Wannan babban abu ne a ƙasar da masana'antu da yawa suka dogara da janareta. Akwai kuma ƙananan na'urori a jikin injin masu auna zafi da ƙarfin matsi. Da zarar an sami kuskure, kwamfuta za ta gyara kafin kaya su lalace. Da taimakonta ake ƙera gora mai sirantaccen jiki amma mai ƙwari, don a rage yawan robar da ake kashewa.

2. Tantance shara da haske

Roba iri-iri ce. In aka duba gindin gora ko roba, sau da yawa akan ga lamba daga 1 zuwa 7. Lamba 1 ita ce PET ta gorar ruwa. Lamba 2 ta jarka ce, lamba 5 kuma ta bokiti da murfi. Idan aka narkar da iri biyu tare, abin da zai fito ba zai yi ƙarko ba. Don haka dole a ware su. A manyan masana'antu, shara takan bi ta ƙarƙashin wani haske da ido ba ya gani. Na'ura takan gane kowane iri, sai iska mai ƙarfi ta cilla shi wurin 'yan'uwansa. Daga nan sai a wanke, a niƙa, a narkar, a mayar da shi ƙwayoyi. Da tsofaffin gorunan ruwa ake yin sababbi, har da zaren saƙa tufafi.

3. Mayar da roba asalinta

Duk lokacin da aka sake narkar da roba, ingancinta yakan ragu. Shi ya sa masana suke neman hanyar warware ta zuwa sinadaran da aka haɗa ta da su tun farko. A 2016, masu bincike a Japan sun ba da labarin wata bakteriya mai cin PET. Kamfanin Carbios na Faransa ya buɗe masana'antar gwaji a 2021, inda ake warware PET da sinadari irin na halittu. Robar da aka samu ta wannan hanya daidai take da sabuwa. Sai dai har yanzu aikin yana da tsada.

4. Roba daga gona

Ana iya yin roba da sitacin masara ko rogo, ko kuma da ruwan rake. Wadda aka fi sani ita ce PLA. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo, saboda haka tana da dama a nan. Amma akwai abin lura. PLA ba ta ruɓewa don kawai an jefa ta a kwata. Tana bukatar laima da zafin da ya kusa maki 60 a ma'aunin Salshiyos, irin wanda ake samu a masana'antar takin zamani na shara. Ban da haka, rogon da aka yi roba da shi bai shiga tukunya ba.

5. Ɗab'i mai fitar da abu sukutum

Mazubin ƙarfe yana da tsada, ba ya biya sai za a yi kaya dubbai. Yanzu akwai na'urar da ba ta bukatar mazubi. Ana zana abu a kwamfuta, sai na'urar ta narkar da zaren roba, ta riƙa ɗora shi layi bisa layi, kamar yadda magini yake gina tukunya. Da ita ake yin hannun roba ga wanda ya rasa nasa, da ƙananan kayan gyaran inji.

Kammalawa

Inji komai kyansa ba ya zuwa juji ya tsinto gora. A garuruwanmu, 'yan bola jari ne suke wannan aiki, kuma da su masana'antun sake sarrafa roba suka dogara. Robar da aka ware tun daga gida ta fi tsabta, ta fi kuma daraja a sikeli. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: da injiniya da mai tsintar roba da ɗalibi, kowa yana da nasa aikin.

Sababbin kalmomi

- sarrafa: mayar da abu ya zama wani abin amfani
- masana'anta: wurin da ake ƙera kaya da injina
- mazubi: ƙarfe mai rami da siffar abin da ake son ƙerawa
- tantance: rarrabe abubuwa, kowane da irinsa
- ƙarko: daɗewa ba tare da lalacewa ba
- juji: wurin zubar da shara
- sukutum: gaba ɗaya, ba ragi

Tambayoyi

1. Daga me ake samun robar da aka yi bayani a kai?
2. Kawo hanyoyi uku na sarrafa roba, da misalin abin da ake yi da kowace.
3. Wace illa leda take yi wa dabbobi?
4. Me ya sa ake ware roba kafin a narkar da ita?
5. Mece ce matsalar PLA?
6. Me ake nufi da "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka"?

Nahawu

Kawo jam'in waɗannan kalmomi: inji, gora, buhu, kujera, masana'anta, hanya.

Aikin gida

Duba kayan roba biyar a gidanku. Rubuta sunan kowane da Hausa, da lambar da ke jikinsa in akwai. Sannan rubuta jimloli biyar a kan yadda ake zubar da sharar roba a unguwarku.